Kayan tarihin Nok da batun mayar da su Nijeriya

A duk lokacin da aka ta da maganar mayar wa ƙasashen Afirka kayan tarihinsu da ke jibge a gidajen adana kayan tarihi na Turai da Amurka, tagullar masarautar Benin ta jihar Edo ce kan fara faɗo wa mutane a rai. To amma akwai wani rukuni na kayan tarihin Nijeriya wanda ya girmi na Benin da sama da shekaru dubu, wanda kuma a jihar Kaduna aka fara gano shi. Shi ne mutum-mutumin gasasshen yumɓu da duniya ta sani da sunan Nok.

Hanyar da kayan Nok suka bi suka fita daga ƙasar ta sha bamban da ta kayan Benin. Babu wata rundunar 'yan mulkin mallaka da ta kwashe su a fagen yaƙi. Akasarinsu an tono su ne daga ƙarƙashin ƙasa bayan samun 'yancin kai, a lokacin da tuni akwai dokar da ta haramta fitar da su, kuma da hannun 'yan ƙasa aka yi. Wannan bambanci ya sa hujjar Nijeriya a kansu ta fi ƙarfi a takarda, amma karɓo su ya fi wuya a aikace.

Yadda aka gano su

A shekara ta 1928 ne masu haƙar kuza suka tono wani ɗan ƙaramin kai na yumɓu a kusa da ƙauyen Nok, wanda a yau yake cikin ƙaramar hukumar Jaba a kudancin jihar Kaduna. Baturen da ke kula da wurin haƙar, Kanar Dent Young, ya kai shi Jos aka ajiye, ba tare da kowa ya ɗauke shi da wani muhimmanci ba.

Bayan shekaru 15, wato a 1943, sai aka sake samun wani kan a yankin Jama'a. Wani ma'aikacin kamfanin kuza ya tafi da shi gida ya kafa shi a gonarsa ta doya domin korar tsuntsaye. Daga bisani kan ya isa hannun Bernard Fagg, wani matashin jami'in gwamnatin mulkin mallaka wanda ya karanci ilimin binciken kayan tarihi a jami'ar Cambridge. Da ya kwatanta shi da na 1928 sai ya ga salon aikinsu ɗaya ne. Shi ne ya raɗa wa al'adar suna Nok, domin a nan aka fara samun ta. Mutanen da suka ƙera kayan ba su bar rubutu ba, saboda haka babu wanda ya san sunan da suke kiran kansu da shi.

Fagg ya bi wuraren haƙar kuza yana roƙon ma'aikata da su riƙa ajiye masa duk abin da suka tono. Abin da ya tara shi ya zama harsashin gidan adana kayan tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952. A shekarun 1960 ya yi tono a Taruga, kusa da Abuja ta yanzu, inda ya samu matoyan narka tama tare da gutsattsarin mutum-mutumin. Wannan ya nuna cewa mazauna yankin sun iya sarrafa ƙarfe fiye da shekaru 2,000 da suka wuce.

Kayan suna da saukin ganewa ga wanda ya taɓa ganinsu. Idanunsu masu kusurwa uku ne, da huji a tsakiya, ga kitso iri-iri da tarin duwatsun ado a wuya da hannu. Cikinsu a rarake yake, domin an gina su ne kamar yadda ake ginin tukunya. An same su daga yankin Kagara a jihar Neja har zuwa Katsina-Ala a jihar Binuwai. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa an fara yin su ne wajen shekaru 900 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wato kimanin shekaru 1,500 kafin Hijira. Suna cikin mafi daɗewar sassaƙen siffar mutum da aka sani a Afirka kudu da Sahara.

Guguwar tono

Har zuwa shekarun 1970, kusan duk wani abu na Nok da aka sani yana hannun gwamnati. Al'amura sun sauya ne a shekarun 1980, da darajar Naira ta faɗi, sha'awar attajiran Turai ga kayan yumɓu na Afirka ta Yamma kuma ta ƙaru. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 tonon ya zama sana'a sosai a dazuzzukan da ke tsakanin Kaduna da Abuja. Manoma kan bar gonakinsu da rani su shiga haƙa ramuka, dillalai na biye da su suna saye a kan kuɗi ƙalilan. Daga nan a fita da kayan ta Kwatano ko Lome, su ɓulla a kantunan Brussels da Paris a kan farashin da ya ninka na farko sau ɗaruruwa.

Abin bai tsaya a yankin Nok ba. A daidai wannan lokaci kasuwannin Turai suka cika da wasu mutum-mutumin da 'yan kasuwa suka laƙaba wa sunayen Sakkwato da Katsina. An yi wa wuraren da ke kewayen dutsen Kwatarkwashi, a jihar Zamfara ta yanzu, irin wannan tono. A nan asarar ta fi muni, domin ɓarayi sun riga masana isa wuraren. Duniya ta san waɗannan kaya ta hanyar kundin 'yan gwanjo, alhali kusan babu wani bayani a kan inda suke kwance da abin da aka same su tare da shi. Haka ya faru a yankin Bura na Jamhuriyar Nijar, inda aka gano wata tsohuwar maƙabarta a 1975, masanin tarihi Boube Gado ya yi tono a cikinta a 1983, sannan 'yan fasa-ƙwauri suka yi wa yankin ca bayan da aka baje kolin kayan a Turai.

Akwai wani ɓangare na labarin da bai kamata a ɓoye shi ba. Fataucin kayan gargajiya a Afirka ta Yamma ya daɗe yana da Hausawa a tsakiyarsa. Masanin halayyar al'umma Christopher Steiner, wanda ya zauna da 'yan kasuwar Abidjan, ya bayyana rawar da fataken Hausa ke takawa a cikin littafin da ya wallafa a 1994. Da yawa daga cikinsu sababbin sassaƙe suke sayarwa, wanda doka ba ta hana ba. Amma hanyoyin da suka shimfiɗa tsakanin ƙauye da tashar jiragen ruwa su ne dai masu kayan sata suka bi.

Abin da doka ta tanada

Tun a 1953 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa dokar kayan tarihi wadda ta hana fitar da su ba tare da izini ba. A 1974 aka ƙara da wata da ta taƙaita saye da sayar da su, sannan Dokar Soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Adana Kayan Tarihi ta Ƙasa, wato NCMM. Ƙarƙashin wannan doka, hukumar ce kaɗai ko wakilin da ta amince da shi ke da ikon sayen tsohon kayan tarihi, kuma babu mai yin tono don neman su sai da izininta. Dokar ba ta bambanta kudanci da arewacin jiha ba. Manomin da garmarsa ta ci karo da tsohuwar tukunya a fadamar rake ta Maƙarfi ko Kudan, ko a gindin wani dutse a Ikara, hukunci ɗaya ne ke kansa da na manomin Kwoi.

A matakin duniya, babban makamin shi ne yarjejeniyar hukumar UNESCO ta 1970 kan hana fataucin kayan al'adu ba bisa ƙa'ida ba. Nijeriya ta shiga cikinta tun 1972. Ƙasashen da ke sayen kayan kuwa sun yi ta jan ƙafa. Amurka ta shiga a 1983, Faransa a 1997, Birtaniya a 2002, Suwizalan a 2003, Jamus a 2007, Beljiyam kuma sai a 2009. Yarjejeniyar ba ta waiwayen abin da ya faru kafin ƙasa ta shiga cikinta. Wato ke nan a shekarun da tonon Nok ya fi tsananta, manyan kasuwannin Turai duk suna wajenta.

Matsala ta biyu ita ce ta shaida. Kayan da aka sata daga gidan adana kayan tarihi yana da lamba da hoto a cikin rajista, ana iya nuna wa alƙali. Wanda aka tono da dare daga daji ba shi da ko ɗaya. Ɗan kasuwa na iya cewa ya saye shi ne daga wani tsohon iyali da suka mallake shi tun kafin a yi doka, kuma nauyin ƙaryata shi yana wuyan Nijeriya. Amsar da masana ke bayarwa ita ce, kafin Fagg babu wanda ya san da al'adar Nok, abin da ya tara kuma yana Jos, don haka da wuya a ce wani cikakken mutum-mutumin Nok ya isa Turai ta halastacciyar hanya. Hujja ce mai ƙarfi ga hankali, amma kotu takan nemi shaida a kan kowane kaya shi kaɗai.

Taƙaddamar gidan Louvre

Babu inda wannan sarƙaƙiya ta fito fili kamar a birnin Paris. A 1998 gwamnatin Faransa ta sayi mutum-mutumi uku, biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato, daga hannun wani ɗan kasuwa a Brussels, a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai faran miliyan biyu da rabi. An saye su ne domin sabon gidan adana kayan tarihi da shugaba Jacques Chirac ke shirin ginawa. Jami'an hukumar NCMM sun ƙi amincewa da cinikin, bisa dalilin cewa kayan sata ne. Sai Chirac ya kai maganar ga shugaba Olusegun Obasanjo da kansa, aka samu amincewa daga sama.

A watan Afrilun 2000 aka baje biyu daga cikin kayan a wani sabon sashe na gidan Louvre. A cikin wannan shekara ce kuma Majalisar Gidajen Adana Kayan Tarihi ta Duniya, ICOM, ta fitar da wani kundi na kayan Afirka da suka fi fuskantar barazanar sata, tana kira ga kowa da ya guji sayensu. Kayan Nok da na Sakkwato da Katsina su ne a sahun farko na kundin. Fitaccen masanin nan na jami'ar Cambridge, Lord Colin Renfrew, ya fito fili ya soki Chirac, haka ma jaridu a Faransa da Birtaniya.

A watan Fabrairun 2002 aka cimma wata sabuwar yarjejeniya. Faransa ta amince cewa kayan mallakar Nijeriya ne, ita kuma Nijeriya ta ba ta aronsu na tsawon shekaru 25, tare da damar sabuntawa. Gidan da aka saye su dominsa, Quai Branly, ya buɗe a 2006. Masu kare yarjejeniyar sun ce an samu abin da ba a taɓa samu ba, wato babbar ƙasar Turai ta amsa cewa kayan da ta biya kuɗi ta saya ba nata ba ne. Masu suka kuwa sun ce an dai bai wa mai kaya takarda, an bar wa mai saye kaya. Da wuya a ce masu sukar ba su da gaskiya, domin darasin da kasuwa ta ɗauka shi ne cewa kayan sata na iya samun gurbi a Louvre matuƙar mai saye yana da ƙarfi. Idan aka ƙidaya daga 2002, wa'adin farko na aron yana cika a 2027.

Waɗanda suka dawo

Kayan Nok da suka koma gida kawo yanzu, akasarinsu jami'an kwastan ne suka kama su a hanya. A watan Yulin 2012 hukumomin Amurka sun miƙa wa Nijeriya mutum-mutumin Nok guda 10 da wani sassaƙaƙƙen hauren giwa, waɗanda aka tare a New York. A farkon 2013 Faransa ta mayar da guda 5 da kwastan ɗinta suka kama a 2010. A watan Janairun 2022 kuma Nijeriya da Amurka suka sa hannu kan wata yarjejeniya da ta taƙaita shigar da tsofaffin kayan tarihin Nijeriya cikin Amurka ba tare da takardar izini ba.

Wannan adadi kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da abin da ya faru da tagullar Benin. Waɗannan sojojin Birtaniya ne suka kwashe su daga fadar Oba a 1897, kuma su da kansu suka rubuta labarin harin, suka ɗauki hotuna a tsakiyar ganimar. Bayan jawabin da shugaba Emmanuel Macron ya yi a Wagadugu a 2017, da rahoton Felwine Sarr da Benedicte Savoy na 2018, al'amura sun yi saurin sauyawa. A watan Yulin 2022 Jamus ta amince ta miƙa wa Nijeriya mallakar kayan Benin sama da 1,100, gidan Horniman na Landan ya miƙa mallakar 72 a wannan shekara, Holan kuma ta mayar da 119 a 2025. Gidan British Museum, mai riƙe da sama da 900, ya ci gaba da fakewa da wata doka ta 1963 da ta hana shi rabuwa da abin da ke cikinsa.

Kayan Benin suna da fada da sarki mai magana da yawunsu, har ma a watan Maris na 2023 shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin cewa Oba ne mai su. Kayan Nok ba su da irin wannan magaji. Al'ummar Ham, waɗanda Hausawa ke kira Jaba, suna ɗaukar su a matsayin gadonsu tun da a ƙasarsu aka fara samun su, sai dai yankin da al'adar ta mamaye ya ratsa jihohi da dama da al'ummomi masu yawa. Bugu da ƙari, kaso mai yawa na kayan yana gidajen attajirai ne, waɗanda babu majalisa ko zanga-zangar ɗalibai da za ta matsa musu lamba.

Masu adawa da mayar da kayan sukan kafa hujja da rashin tsaro a gidajen adana kayan tarihi na Nijeriya, suna nuni da fashin da aka yi a gidan Jos a watan Janairun 1987 da wasu sace-sacen da suka biyo baya. Sace-sacen gaskiya ne. Amma abin da aka sata a Jos ma a kasuwannin Turai ya ɓulla.

Shin gumaka ne?

Tambaya ce da wasu Musulmi kan yi, kuma tana daga cikin dalilan da suka sa batun bai samu karɓuwa sosai a arewa ba. Masu bincike ba su tabbatar da cewa bauta wa kayan aka yi ba. Abin da suka fi karkata a kai shi ne suna da alaƙa da binne mamata. Ko ma mene ne, ƙasashen Musulmi irin su Masar da Turkiyya da Iraƙi suna kan gaba wajen neman kayan da suka gada daga al'ummomin da suka gabaci Musulunci, suna kallonsu a matsayin shaidar tarihi da dukiyar ƙasa. A 2021 kaɗai Iraƙi ta karɓo kaya kimanin 17,000 daga Amurka.

Sannan batun ya shafi gadon Musulunci kai tsaye. A 2019 Faransa ta miƙa wa Senegal takobin da ake dangantawa da Alhaji Umaru Tal, malamin Tijjaniyya wanda ya zauna a Sakkwato shekaru da dama, ya kuma auri 'yar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Sai da majalisar dokokin Faransa ta yi doka ta musamman a 2020 kafin mallakar takobin ta tabbata. Ɗaruruwan littattafan Larabci rubutun hannu da Kanar Louis Archinard ya kwashe daga Segu a 1890, daga fadar ɗansa Ahmadu wanda ya yi hijira ya rasu a ƙasar Sakkwato, an kai su babban ɗakin karatu na ƙasa da ke Paris.

Abin da rami ke riƙe da shi

A 2005 masu bincike daga jami'ar Goethe ta Frankfurt, ƙarƙashin Farfesa Peter Breunig, suka fara aiki tare da hukumar NCMM a yankin Janjala na ƙaramar hukumar Kagarko. Sun ziyarci ɗaruruwan wurare, suka tarar mafi yawansu ɓarayi sun riga sun yi musu kaca-kaca. Duk da haka abin da suka samu a ragowar ya sauya fahimtar duniya game da Nok.

Ƙwayoyin gero da suka ƙone suka zama gawayi sun nuna cewa manoma sun zauna a yankin tun kimanin shekaru 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa, ƙarnoni kafin a fara yin mutum-mutumin. An samu wake ma. A 2021 wani bincike da aka yi tare da jami'ar Bristol ya gano ɓurɓushin kakin zuma a jikin katangar tukwanensu, abin da ya nuna cewa suna ɗibar zuma tun shekaru 3,500 da suka wuce. Babu ɗan kasuwar da zai sayi katangar tukunya ko gawayi. Su ne abubuwan da mai tono don sayarwa kan watsar a bakin rami, kuma da zarar an birkita ƙasar, babu sauran yadda za a san abin da ya riga wani ko abin da ke kusa da wani.

Masu binciken sun kuma lura cewa kusan kullum a farfashe ake samun mutum-mutumin, an zuba gutsattsarinsu cikin ramuka, kuma da wuya gutsattsarin su haɗu su ba da cikakkiyar siffa. Wannan ya jefa shakku a kan cikakkun siffofin da suka cika kasuwa, domin da dama daga cikinsu an harhaɗa su ne daga gutsattsari dabam-dabam, wasu kuma jabu ne ɗungurungum. Don haka ko da an mayar wa Nijeriya kayan Nok daga wani gida, sai an fara tantance na gaske daga na jabu.

Kayan da tawagar ta tono an kai su Jamus da izinin gwamnati aka gyara, aka baje kolinsu a gidan Liebieghaus na Frankfurt daga ƙarshen 2013 zuwa farkon 2014, sannan aka dawo da su. An ajiye su a gidan adana kayan tarihi na Kaduna da ke kan titin Ali Akilu, a ginin da ya taɓa zama hedikwatar jam'iyyar NPC. A watan Fabrairun 2017 'yan bindiga suka sace Farfesa Breunig da wani abokin aikinsa a Janjala, suka kashe mutanen yankin biyu da suka bi sawunsu. An sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki, amma daga nan aikin tono na tawagar ya tsaya.